Daji Ma Yana da Iyakar Lodinsa

Barkanmu da war haka, iyayenmu da ƙannenmu na Zagga da Bagudo, na Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Segbana da Malanbil, duk inda muryar nan ta iske ku, a gida ko a gona ko a bakin kogi. Shirinmu na faɗakarwa na yau a kan yawon Sallah yake, irin wanda maigida kan kwashi iyali a mota a tafi gandun namun daji kallon giwa da ɓauna.

Duk shekarar da hutun Sallah ya manne da Asabar da Lahadi, aka sami kwana 4 ko 5 a jere babu ofis babu makaranta, hanyar da ta ratse daga Dindima ta nufi Yankari a jihar Bauchi takan cika da motoci. Haka ma lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. A ƙofar Mainamaji, inda ake yankar tikiti, za ka tarar da bas-bas na samari, da motocin gida an ɗora yara har kan cinya, kowa yana ɗokin ya riga wani shiga. Daga nan akwai tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. A can ne maɓuɓɓugar nan take, ruwa garau yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. A ranar da babu jama'a, mai tsaye a bakin ruwan yana hango farin yashin da ke ƙasansa. Ran Sallah kuwa kawuna kawai ake gani, ga kiɗa daga lasifika, ga ledar fiyawata tana yawo a gefe, ga gwaggon biri zaune kan rufin mota yana jiran wanda zai manta tagarsa a buɗe. Ra'ayin da zan kare a shirin nan shi ne: gandun daji yana buƙatar baƙi, rashinsu ma halaka ne a gare shi, amma akwai adadin da zai iya ɗauka a yini guda. Wajibi ne hukuma ta yanke wannan adadi ta tsaya a kansa, mu kuma mu yarda da shi ko da ranar da aka ce an cika a kanmu ta faɗa.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato, domin ƙasar Bagudo tana zaune ne tsakanin manyan gandaye biyu. Ta yamma, bayan Malanbil da Karimama, akwai gandun W, wanda aka ayyana a 1954, ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 10,000. Hukumar UNESCO ta sa sashen Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma ta faɗaɗa ta haɗa da gandayen Arli da Penjari. Ta kudu kuma akwai Gandun Dajin Tafkin Kainji, sashen Borgu da sashen Zugurma, murabba'in kilomita 5,340, wanda shi ne gandun daji na ƙasa na farko da Najeriya ta kafa. Wata ƙidaya da masana suka fitar a 2014 ta nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, kusan kashi 90 cikin 100 nasu a dazukan W da Arli da Penjari suke, ragowar kuma a Senegal da Kainji da Yankari. Wato yawancin zakunan da suka saura a wannan sashe na duniya maƙwabtanmu ne.

Mu mutanen bakin Kwara mun san ma'anar lodi. Jirgin ruwa yana da layin da in ruwa ya kai shi, duk wanda aka ƙara, ko yaro ne, ya zama barazana ga kowa. A watan Mayun 2021 jirgi ya dare a kusa da Warrah, ƙaramar hukumar Ngaski a nan jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150 da babura da kaya, kaɗan ne suka tsira. Allah Ya jiƙansu. Babu wanda ya shiga jirgin nan da mugun nufi, kowa hanyarsa yake nema, kuma kowa yana ganin shi kaɗai ba zai ƙara wani nauyi ba. Gandun daji ma haka yake, sai dai shi ba ya nutsewa a idon jama'a cikin minti 5. A hankali yake yi, shekara bayan shekara, har ranar da za a kai yara su zagaya yini guda ba su ga ko gada ba, a dawo ana cewa Yankari ta lalace, ba a tambayi abin da ya lalata ta ba.

Bari mu duba ta inda ɓarnar ke shiga, domin ba kowa ya san ta ba. Wanda ya ji an ce faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, zai ce wane irin taro ne zai cika wannan fili? Amma da rani namun daji ba sa warwatse a cikinsa. In tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe, duk mai rai yakan gangaro kwarin kogin Gaji: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mugun dawa, duk a siririn wuri guda. Shi ya sa aka ce lokacin ne ya fi daɗin kallo, kuma shi ya sa hanyoyin motocin kallo suke bin bakin kogin. Babbar giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini, ba ta da zaɓi sai ta zo. To a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a tsakiyar zafi. Ta 2025 ranar 30 ga Maris aka yi ta. Ga dabba cikin tsananin ƙishi, ga mashaya guda, ga motoci a jere ana danna hon ana ihu ana haska waya. Garken da ya ji wannan hayaniya yakan ja da baya, ya jira dare, ko ya bar wurin ya nufi gefen daji inda gonakin mutane suke. Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta tsakanin 100 zuwa 150 ne, sun daɗe suna shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma duk abin da zai ƙara kora su waje manomi ne zai biya kuɗinsa da masararsa.

Akwai masu cewa ai dabbobin sun saba da mota, ba ta dame su. Wasu kam sun saba tsayawa a kalle su, amma tsayuwa daban, lafiya daban. A gandun Masai Mara na ƙasar Kenya, inda motoci da yawa kan yi wa dabba guda zobe, an bi diddigin wata irin damisa siririya, wadda babu dabbar tudu da ta kai ta gudu. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna macen da ke zaune inda masu kallo suka yi yawa, in aka haɗa haihuwarta aka raba, da kyar take raya ko ɗa guda har ya girma, alhali wadda ke inda baƙi ba su da yawa tana raya fiye da 2. Dabbar ba ta gudu ba, tana nan kwance ana ɗaukar ta hoto, mai kallo ya koma gida yana jin daɗi, amma farautarta ta ɓaci, maɓoyar 'ya'yanta ta tonu. Wani lokacin ma tausayi ne ke kashewa. A Yellowstone ta Amurka, gandun ƙasa na farko a duniya da aka kafa a 1872, wasu baƙi a 2016 sun ga ɗan ɓauna kamar yana jin sanyi, suka sa shi a mota suka kai wa ma'aikata. Da aka mayar da shi garken ya ƙi karɓarsa, ƙarshenta kashe shi aka yi.

Gwaggon birin Wikki kuwa ba haka aka halicce shi yana fizgar leda a hannun yaro ba, mu muka koya masa. Wanda ya jefa masa biskit don ya ga yadda zai ɓare, da wanda ya bar ragowar shinkafa a gindin bishiya, su ne malamansa, kuma ran biki yakan sami ɗaruruwan irinsu. Daga nan sai ya daina tsoron mutum, ya shiga ɗaki, ya buɗe jaka, wata rana ya ciji yaro. Leda in ta shiga cikin dabba mai tuƙa, kowane mahauci a kasuwar Zagga ya san abin da ake cirowa daga tumbin akuyar gari, kuma gwanki ba shi da wani ciki daban. Guntun sigari guda a ciyawar watan Disamba, iskar hunturu tana kaɗawa, ya isa ya cinye abin da garke zai ci har faɗuwar ruwa. Shi kansa baƙon asara yake tafkawa: ya sha tafiyar yini guda cur, ya zuba mai, ya iske ɗakunan kwana sun ƙare, motar kallo ta cika, ya jira har rana ta take, lokacin da duk dabbar kirki ta shige inuwa.

Yanzu ga hujjojin masu ƙin wannan magana, kuma ba zan raina ko ɗaya ba. Ta farko ita ce wadda aka fi ji: dajin Allah ne, wa ya isa ya tsaya a ƙofa ya ce an cika? Gaskiya ne na Allah ne, kuma saboda haka ne ma ba namu ba ne mu kaɗai, mu da muka riga isowa da mota. Keɓe wuri don maslahar jama'a ba Bature ne ya kawo shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka, Madina kanta an haramta sare itacenta da farautar namunta. Malamanmu na fiƙihu suna kiran irin wannan keɓewa hima, a ƙasar Hausa kuma mun san hurumi da burtali da makiyaya, wuraren da sarki kan hana kowa nomewa don kowa ya amfana. In kuwa batun ƙayyade yawan mutane ne, babu wurin da Musulmi ya fi cancantar zuwa kamar Ɗakin Allah, amma tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kaso, alhaji 1,000 ga kowane Musulmi miliyan guda na ƙasa. Jifan Shaiɗan ma an raba wa kowace tawaga lokacinta. Wanda ya tuna turmutsitsin Mina na 2015, inda alhazan Najeriya fiye da 200 suka rasu, ba zai ce wannan tsari zalunci ba ne. In an yarda a yi wa aikin Hajji awo, ban ga dalilin da zai sa a ƙi yi wa wankan Wikki ba.

Ba ma sai mun je nesa ba, Kabawa sun riga kowa gane wannan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci, yana tara dubban masunta a Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa. Ai taron da ya fi wannan sai an tona. Amma me ya sa har yau ake fito da giwan ruwa mai nauyin da sai an taru a ɗauka? Domin wurin a rufe yake sauran shekara, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa, ranar biki ma sai an ba da alama ake faɗawa, kuma kimanin awa guda ake yi a fito. Da an ce kowa ya shiga duk ranar da ya ga dama, ai ruwan Allah ne, da tuni babu abin da ya rage da UNESCO za ta sa a kundinta a 2016. Abin da nake nema wa gandun daji bai wuce abin da Argungu ta yi wa ruwanta ba: lokacin buɗewa, lokacin rufewa, da mai ikon cewa ya isa.

Hujja ta biyu daga bakin ma'aikatan gandu take fitowa, kuma tana da nauyi. Suna cewa kuɗin da ake samu a kwanakin Sallah da Kirsimeti shi ke riƙe wurin, da shi ake sayen man sintiri, a gyara famfo, a biya dogaran daji. In ka mayar da mota 50 daga ƙofa, ka mayar da abincin wani. Yankari, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, tabbas tana buƙatar kowace naira. Sai dai lissafin bai cika ba. Abin da ake sayarwa a gandu shi ne ganin dabba, in an kore ta saboda cinikin kwana 3, me za a sayar a sauran kwana 362? Ƙasar Ruwanda ta bi wata hanya da manyan birran gorila na kan duwatsunta: mutum 8 kacal ke ziyartar kowane iyalin biri a yini, awa guda su juya. Yawan birran a duniya ya haura 1,000 zuwa 2018 bayan an fid da rai da su, kuɗin shiga kuma bai ragu ba. Sannan wanda aka ce masa yau an cika ba a rasa shi ba, in dai an ba shi wata ranar da zai zo. Mako 2 bayan Sallah ɗakunan Wikki suna nan, giwayen suna nan, ma'aikatan suna zaune. A rage kuɗin ɗaki a irin waɗannan ranaku, a tura makarantu su kawo ɗalibai tsakiyar zango, kuɗin da ake tarawa a kwana 3 cikin rikici zai shigo a wata 4 cikin natsuwa.

Hujja ta uku ita ce ta fi taɓa zuciyata. Malamin makaranta, ɗan kasuwa mai shago, ma'aikacin asibiti, ba shi da wani hutun da ya wuce na Sallah. In an ce ya zo ran Talatar da babu kowa, an ce masa kada ya zo ke nan. Kuma a ƙasar nan mun san yadda ƙayyadewa takan ƙare: mai hanya ya buga waya a buɗe masa, talaka ya juya da yaransa suna kuka. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ya sa yadda za a ƙayyade ya fi ƙayyadewar kanta muhimmanci. Ruwanda da na ambata da tsada ta tace baƙinta, baƙon waje dala 1,500 yake biya, kuma ban yarda a kwaikwayi wannan ɓangaren a nan ba. Gandun da ɗan talaka ba zai iya shiga ba, ba zai taɓa jin nasa ne ba, in ya girma kuma shi za a nema ya kare shi. A yi da layi, kada a yi da aljihu. Gandun Arches da ke jihar Utah a Amurka, da motoci suka yi masa yawa har ana rufe ƙofa da hantsi, a 2022 ya fara gwada ba kowace mota sa'ar shigarta tun kafin ranar, a kan dala 2 kacal. Mu da muke yankar katin jarrabawa da tura kuɗi ta waya, ba za mu kasa kama gurbin mota ta saƙon tes ba. A sanar a rediyo tun azumi cewa gurbi kaza ne ran Sallah, kaza washegari, wanda ya riga ya riga. A raba yini gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma. A ware wani kaso da ba a sayarwa ta waya, domin mutanen ƙauyukan kewaye da wanda ba shi da ita. A kuma liƙa adadin a ƙofa kowa ya gani, domin abin da aka ɓoye shi ake sayarwa ta bayan gida.

Saura hujjar da na san tana bakin da yawa daga cikinku tun da na fara. Malam, wane cunkoso kake magana a kai? Mu nan dazukan da ke kusa da mu ko kyauta aka ce mu shiga ba mu zuwa. Haka ne, kuma bari in faɗa da babbar murya: kada kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi W ko cikin dajin Kainji yawon Sallah a halin da ake ciki. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa 2 a Penjari aka kashe ɗan jagoransu, ɗan Benin. A watan Agustan 2020 an kashe mutum 8 a Kure ta Nijar, wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa. A Fabrairun 2022 nakiyoyi sun hallaka mutum 9 a sashen W na Benin, mafi yawansu masu tsaron gandun. A 2025 sojojin Benin 28 suka faɗi a watan Janairu, wasu 54 a watan Afrilu, duk a wannan yanki. Dajin Kainji ma masu ɗauke da makamai sun sami wurin zama a cikinsa, mutanen Borgu suna ɗanɗana kuɗarsu. Kamuku ta Birnin Gwari haka, Sambisa kuwa, wadda yau sunanta kaɗai ke tsorata yaro, gandun namun daji ce a da.

Amma wannan hali bai rushe maganata ba, shi ne ma rabinta na biyu. Na ce tun farko rashin baƙi halaka ne. Ba ina cewa masu yawon buɗe ido za su kori mai bindiga ba, wannan aikin hukuma ne. Sai dai dajin da mota ke shiga kullum, ana gyara hanyarsa, ana biyan dogaransa, akwai masu sayar da abinci da 'yan jagora da direbobi da ke ci daga gare shi, yana da idanu da yawa a kansa. Wanda aka bari shekara da shekaru babu mai leƙawa, hanyoyinsa suka toshe, ma'aikatansa suka koma gari, shi ne mai neman maɓoya ke so. Kuma rufewar waɗannan wurare tana cikin abin da ke tara kowa a wuri guda: iyalin Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kwantagora da a da za su iya kwana a sansanin kogin Oli a Kainji, yau in suna son 'ya'yansu su ga giwa sai su ɗauki doguwar hanyar Bauchi. Cikar Wikki ran Sallah da shirun da ke Alfakwara, ƙofar W ta kan hanyar Kandi zuwa Malanbil, ciwo guda ne. In Allah Ya kawo zaman lafiya aka sake buɗe su, kuma muna roƙon Ya kawo, ƙishin shekaru zai sa jama'a su yi musu ca a hutun farko. Tsarin da za a tarbe su da shi yanzu ya kamata a zauna a yanke, tun ƙofa tana rufe.

A wannan zaman kuwa dole a kira waɗanda aka saba mantawa da su. Makiyayin da ke saukowa da shanunsa daga ƙasar Ka'oje ko Dandi ya nufi kudu da rani, a wurinsa gandu shi ne inda ake kama masa saniya a ci shi tara. Akwai zuriyar mutanen da Turawan Faransa suka tasa daga ƙauyukansu lokacin da ake shata W, kamar yadda ruwan madatsar Kainji ya tashi tsohuwar Busa a 1968. Mutumin da aka hana kiwo da itace da zuma, sannan ya ga baƙi sun cika wurin da kiɗa suna zubar da shara, ko sisi bai shigo ƙauyensa ba, kada a yi mamaki in ya kau da kai ranar da ya ga baƙuwar fuska da bindiga ta shige. Akwai abin koyi kusa: a kewayen Penjari an kafa ƙungiyoyin ƙauyuka da aka riƙa ba kashi 30 cikin 100 na kuɗin farautar da aka halatta, Ruwanda kuma tana mayar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandayenta ga maƙwabtansu, ana gina aji da asibiti da rijiya. Ko ƙungiyar African Parks da ta karɓi kula da Penjari a 2017 da W ta Benin a 2020, ko Hukumar Gandayen Daji ta Najeriya, duk wadda ke son a girmama adadin da ta rubuta a ƙofa, sai ta nuna wa hakimi da arɗo da mai unguwa nawa ne rabon mutanensu a cikin kowane tikiti, a kuma bar burtali a buɗe ta gefen daji.

Ga maigidan da ya riga ya yi niyyar kai iyali Yankari a wannan hutu, ba sai ya jira hukuma ta gyara ba. Ya fara tambayar lafiyar hanya daga direbobin tasha da suka biyo ta a makon, kada kuma ya yi tafiyar dare. Ya kira ya tabbatar da ɗaki kafin ya tayar da mota, in an ce babu ya ɗaga tafiyar, in da hali ma ya bar ta sai kwana 10 bayan Sallah. In ya isa, ya nemi fitar sassafe, lokacin da namun ke bakin ruwa, a zauna cikin mota a bi maganar ɗan jagora, a kashe kiɗa, kada a roƙi direba ya sauka daga hanya don a matsa kusa da giwa, musamman mai ɗa. Hajiya, abinci ya zauna a ɗaki a rufe, taga a rufe, kada yaro ya fita da leda a hannu, kada kuma a miƙa wa biri komai ko da ya zauna yana kallon ido. A Wikki a sa babba guda wanda aikinsa kawai ƙirga yara ne, domin akwai inda ruwan ya shanye tsawon mutum, kuma cikin taro ba a jin kukan wanda ya nutse. A tafi da buhu guda na shara, a dawo da shi cike har gari. Mai shan sigari ya haƙura har a fito ƙofar Mainamaji.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya kiyaye matafiya ta tudu da ta ruwa. A huta lafiya.